Sawun Cizal a Jikin Marmara

Ranar da Sekope Taufa ya fara ganin Fotini, dutsen kabarin kakansa ya je dubawa. Mahaifiyarsa ce ta aike shi shagon Stamatis da ke bayan maƙabartar Fawkner a birnin Melbourne, ta ce ya karanta sunan da kyau kafin a kafa, don an sha ɓata wa mutanensu na Tonga suna a kan dutse. Ya duba ya ga komai daidai. Har ya juya zai tafi sai ya ji ƙarar guduma daga can cikin shagon, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da yake jin nauyin masu ita.

Sekope ba mai iya wuce abu ba ne bai leƙa ba. Ya bi ƙarar.

Wata budurwa ya tarar, ta yi fari fat da ƙura tun daga gira har takalmi, tana fitar da hannun mutum daga wani guntun marmara. Ya zaro waya ya shiga zagaya teburin. Ta janye ƙyallen da ta rufe hanci da shi ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, nan ba gidan zoo ba ne."

Ya ce ba ita yake ɗauka ba, hannun yake ɗauka, ta ɗan ba shi lokaci. Ya latsa nan ya latsa can, sannan ya miƙa mata wayar ya ce ta saita ta kan aikinta. A kan teburi hannun na nan kwance, dutse ne kamar yadda ta bar shi. A cikin gilashin wayar kuwa sai ga shi ya buɗe yatsu yana ɗaga mata gaisuwa.

Dariya ta kufce mata. Da ta gama sai ta ce babban yatsa ba haka yake lanƙwasa ba, duk wanda ya haɗa wannan bai taɓa kallon hannun kansa ba. Ya ce to ta koya masa. Ta sa lambarta a wayar ta miƙa masa, ta koma kan aikinta ba tare da ta sake kallonsa ba.

Kafin ya isa tashar jirgin ƙasa ya tura mata saƙo.

*Sunana Sekope. Na zauna a benci ina ta kallon babban yatsana, mutane sun fara matsawa nesa da ni. Laifinki ne.*

Amsa ta zo yana cikin jirgi.

*Ci gaba da kallo. In ka gane yadda yake aiki ka dawo. Ka zo da kofi, ba sukari.*

Ya dawo, ya sake dawowa. Yana kiranta Hodata saboda ƙurar da ba ta rabuwa da ita, ita kuma tana ce masa Ƙatona, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar bayan shagon. Ta gaya masa ita kaɗai ce wajen mahaifinta, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, a cikin duwatsun nan ta girma. Da rana tana rubuta sunayen matattu, in ta sami sarari sai ta sassaƙa masu rai irin na kakanninta Girkawa, masu lulluɓi mai ninki-ninki. Shi kuma ya gaya mata bai ƙarasa sakandare ba, ya yi ɗaukar kaya a sito, ya yi wankin mota, sai da ya faɗa wannan sana'a ta ɗora hoto mai motsi a kan abin da waya ke kallo sannan ya sami abin da ya zaunar da shi.

Da ƙaramar hukumarsu ta nemi wanda zai yi famfon shan ruwa a wani sabon lambu a Coburg, tare suka shiga, kuma su aka ba. Benci ne na marmara, a ƙarshensa mace zaune ta karkata tulu. Daga bakin tulun mutum zai sha, a ƙasa ga kwano na karnuka. Wanda ya saita waya sai ya ga matar cikin launi, ja da shuɗi da ruwan zinariya, ta ɗago kai ta dube shi.

Abu ɗaya Sekope ya roƙa. Ya ce kada ta goge dutsen. Idon waya kamar mai hawa bango ne, sai da wurin kamawa. Farin dutse mai santsi da sheƙi ba ya ba shi komai, zamewa yake yi. Amma sawun cizal, waɗannan ƙananan layuka da haƙoran ƙarfe ke bari, su ne waya ke riƙewa ta san inda za ta ɗora launi. Fotini ta ce dama ita ta fi son dutse da sawunsa, ana ganin inda hannu ya bi.

Matsalar ita ce mahaifinta, Baba Stamatis.

Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda duk Girkawan arewacin Melbourne suka san shi da abu guda: dutse ba ya fita daga ƙofarsa sai mutum ya ga fuskarsa a jiki. Sekope kuwa ɗan waya yake ce masa. In ya shigo ya gaishe shi sai ya amsa da ka, in Fotini ta fara bayanin aikin sai ya ƙara muryar rediyonsa na Girkanci har sai ta haƙura. Ta taɓa ce masa kada a taɓa matar, haka ake son ta. Ya ɗauka sabon yayi ne na yara masu gudun wahala.

Yana da wanda yake so mata. Manolis, ɗan amininsa, mai shagon teburan kicin na marmara a Thomastown, mai sabuwar mota da gemu gyararre. Manolis kan zo da kwalin kayan zaƙi ya zauna ya yi ta yaba wa tsoho, ya kira Sekope ɗan'uwa yana murmushin da bai kai ido ba. Fotini ta gaya masa a fili zuciyarta na wani wuri. Ya ce ba komai, shi mai haƙuri ne.

Ita kuma ta gaya wa Sekope nata a fili. Suna zaune a bakin rafin Merri suna cin kifi da dankali a takarda, ta ce tana son shi, ba ta da shakka, amma ba za ta shiga coci ba sai hannunta na cikin na mahaifinta.

"Ni kaɗai gare shi, Ƙatona. In na fita ba da yardarsa ba, shagon nan kabari zai zame masa."

Ya ce ya ji, kuma da ta faɗi wani abu daban da ya rage ganin girmanta.

Ranar wata Asabar ya je neman aure tare da mahaifiyarsa Lesieli, ɗauke da faranti na nama da madarar kwakwa naɗe a ganyen gwaza. Baba Stamatis ya karɓe su da mutunci, ya dafa kofi a 'yar ƙaramar tukunya, ya kawo lemo dafaffe da sukari a cokali. Sai da aka sha aka ajiye kofuna sannan ya yi magana.

"Yaro, abin da na sassaƙa, jikan jikanka zai zo ya same shi. Naka fa? In caji ya ƙare, ina aikin yake?"

Sekope ya buɗe baki, mahaifiyarsa ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta ce waƙar da suke yi a coci ma ba a taɓa ta da hannu, amma ta ga ƙarti suna kuka saboda ita. Tsoho ya dube ta, ya ɗan yi murmushi, da alama ya sami daidai da shi. Ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan aikin da bai ƙare ba. Ranar da aka buɗe famfon zai karɓi wayar da hannunsa ya duba. In ya ga abin da zai sa ya ba mutum 'yarsa, zai faɗa a wurin. In bai gani ba, zai faɗa a wurin.

Daga nan Sekope bai ƙara samun sukuni ba. Ya ɗauki hoton matar ta kowane gefe, ya auna kowane ninki na mayafinta, ya gyara yadda take ɗaga kai har sai da Fotini ta ce yanzu wuyan mutum ne, ba na kaza ba.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe lambun, aka kira Fotini garin Bendigo ta kafa wani dutse. Ta tafi da safe za ta kwana. Washegari da hantsi Sekope ya biya shagon don gwaji na ƙarshe.

Tun daga ƙofa ya ga hasken. Matar na zaune tana ƙyalli kamar farantin biki, daga gashi har yatsun ƙafa, ba sawu ko ɗaya. Ya ɗaga wayar. Launi ya fito a iska, ya yi gefe, ya maƙale a jikin bango, ya ɓace. Ya sake gwadawa. Kan matar ya bayyana a kan bokitin shara.

Manolis ne ya fito daga baya yana naɗe wayar injin guga. Ya ce ai sun taimaka ne, ba za a kai aiki rabi gaban jama'a a kunyata gidan ba. Sekope ya tambaye shi ko Fotini ta sani.

"Ɗan'uwa, wannan maganar gida ce. Mun gama ta tsakaninmu."

Sekope ya fita. Ya yi ta tafiya a ƙafa har ya wuce tasha biyu. Abin da ke cin sa shi ne ita kaɗai ta san abin da sawun nan yake nufi. Ya zauna a gefen titi ya rubuta.

*Na ga matar. Ta yi kyau. Da kin gaya mini da bakinki cewa kin zaɓa, da na fi jin sauƙi. Allah ya ba ku zaman lafiya.*

Ya kashe wayar, abin da bai taɓa yi ba tun da ya mallake ta.

Kwana biyu yana kwance a falo yana kallon silin. Ranar Lahadi da suka dawo daga coci ya sake kwanciya, mahaifiyarsa ta tsaya a kansa, ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai ji magana a bakin abokin takara ya kwanta a kanta ba. Ta kunna wayar da kanta ta jefa masa a ciki. Saƙonni suka yi ta shigowa. Na ƙarshen ya karanta sau uku.

*Na dawo na gan ta, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya. Aikina na wata da watanni aka goge, sannan mutumin da na zaci zai fara riƙe ni shi ne ya fara zargina. Ban zaɓi wani ba, Sekope. Na riga na zaɓa tun tuni, kai ne ka manta.*

Ba ta ce Ƙatona ba. Wannan ya fi komai yi masa zafi.

Ko tabarmar da ke ƙugunsa, irin wadda mutanen Tonga ke ɗaurawa in za su coci, bai tsaya kwancewa ba. Lesieli ta cusa masa kwanon abinci a hannu, ta ce ba a zuwa ba da haƙuri hannu wofi.

Shagon a rufe yake ranar Lahadi, amma ƙofar baya na buɗe. Rediyo a kashe. Baba Stamatis na zaune a kan akwati gaban matar, riƙe da wayar Fotini nesa da fuskarsa, yana karkata ta dama da hagu. Bai ji shigowarsa ba sai da inuwa ta rufe shi.

Ya ce 'yarsa ba ta yi masa magana ba tun da ta dawo. Ta ajiye masa wayar kawai ta hau sama. Ya ce shi ya yi gugar, da hannunsa, Manolis inji kawai ya kawo da zuga. Ya yi ne don ranar buɗewa kada a ce 'yar Stamatis ba ta iya gama aiki ba. A wurinsu dutsen da ba a goge ba na mamacin da danginsa suka yi watsi da shi ne.

"Wannan ba ta matattu ba ce, Baba. Yara ne za su hau ta da ƙafafu masu laka."

Tsoho ya sauke wayar. Can ya tambaya ko abin ya lalace ke nan.

Sekope ya ajiye kwanon ya durƙusa kusa da shi. Ya buɗe wani sashe na manhajar da ba a nuna wa jama'a, inda duk wurin da waya ta kama take sa ɗigo rawaya. Ya saita kan bangon bulo, ɗigo ya cika gilashin kamar an watsa gero. Ya saita kan tafin hannun tsohon, mai kaushi da tsaga, nan ma ya cika. Ya juya kan matar. Ko ɗaya babu.

Baba Stamatis ya daɗe yana kallon hannunsa a cikin wayar. Ya ce abin da aka cire daga dutse ba ya komawa, amma akwai sauran nama a ninkin mayafin da gashin, za su ɗauki sabon sawu. Ya tashi ya ɗauko cizal mai haƙora da guduma. Har ya ɗora bakin ƙarfen a kafaɗar matar, sai ya tsaya. Ya je gindin matakala ya ɗaga murya kaɗan.

"Fotini. 'Yata. Aikinki ne. Kin ba ni izini in taɓa?"

Sekope ya san tsohon bai taɓa tambayar kowa izini a shagon nan ba. Can Fotini ta sauko, idanunta a kumbure, ta wuce mahaifinta ta tsaya gaban Sekope.

Ya ce ya yi wauta, ya ji tsoro ne, tsoron kuma ya sa shi rashin kunya. Ta ce ta sani. Ta ce ba ta yafe ba tukuna, sai ta ga abin da ke cikin kwanon. Ta buɗe, ta ɗauki guda ta ci a tsaye, hawaye na zuba tana tauna.

"Ka ci sa'a mamarka ta iya girki, Ƙatona."

Ta raba aikin. Ita gashi da tulu, mahaifinta mayafi, fuska da hannuwa a bar su da sheƙinsu tun da an riga an yi. Sekope ya tsaya a bayan tsohon riƙe da waya a saitin idonsa. Guduma ta sauka, ƙarfe ya ja layi, sai ɗigo rawaya ɗaya ya fito a kafaɗar matar. Ya sake bugawa, uku suka fito. Tsohon ya ce a matso da wayar. Daga nan ba shi da sauran magana sai "nan fa?", Sekope ya ce a ƙara kaɗan, ya ƙara. Wani wurin su yi gardama, Fotini ta raba su. Sauran kwanakin haka suka ƙare, su biyu suna bugu, shi yana sake ɗaukar matar yana daidaita launi a kan sabon sawu. Manolis ya zo sau ɗaya da kwalinsa, tsoho ya karɓa ya yi godiya, ya ce ya tafi da injinsa, kuma ya gaida mahaifinsa.

Ranar buɗewa an yi rana mai daɗi. Aka yi jawabai, aka janye ƙyalle, wani kare ya riga kowa shan ruwa. Mutane suka ɗaga wayoyi, yara na ihu suna cewa ta kalle su. Sekope bai ga ko ɗaya ba, tsohon kawai yake kallo.

Baba Stamatis ya sa tabarau, ya karɓi wayar da hannu biyu. Jan launi ya bi ninkin mayafin da ya sassaƙa, layi bayan layi, bai kauce ba. Matar ta ɗago kai a hankali ta dube shi. Ya sauke wayar ya kalli farin dutsen, ya sake ɗagawa. Ya yi haka ya fi sau nawa. Sannan ya miƙa wa Sekope, ya cire tabarau yana goge su da gefen riga.

"Shuɗin ya yi yawa a gefen tulu," in ji shi. "Ka rage kafin biki. Ba na so dangina su zo daga Girka su ce surukina bai san launi ba."

Fotini ta rufe fuska da hannu. Lesieli ta rungume tsohon har ƙafarsa ta bar ƙasa.

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure. Tun daga bakin titi har ƙofar cocin Girkawa gwaggwannin Sekope sun shimfiɗa tabarmi da zanen ɓawon itace, amarya ta taka a kai riƙe da hannun mahaifinta. Aka ɗora musu kambi biyu a ka haɗe da farin zare, suka zagaya tebur, tsofaffin mata na jifan su da shinkafa suna tofi a iska don korar mugun baki. Da aka fito mawaƙan Tonga suka ɗauka, murya a kan murya, har limamin cocin ya tsaya a ƙofa ya kasa komawa ciki.

A wurin walima Lesieli ta ɗaura wa Baba Stamatis tabarma a kan kwat ɗinsa, ta ɗaure tam yadda bai iya zama ba. A tsaye ya ci gasasshen alade, a tsaye ya ci rago, a tsaye ya yi rawa. Da aka ba shi makirfo ya riƙe ya rasa ta inda zai fara. Ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin na Sekope, ya rufe su da nasa biyu.

"Na ba ka ita, ita ma na ba ta kai. Allah ya raya ku, ya ba ku 'ya'ya masu lafiya da gida mai hayaniya. In kun yi faɗa, ku zo wurina ku ci abinci tukuna, faɗan zai jira."

Zauren ya amsa da amin cikin harsuna uku. Fotini ta jingina kanta a hannun mijinta, shi kuma, wanda bai taɓa iya tsayawa wuri ɗaya ba, ya tsaya cak bai motsa ba.